Raunin Da Bai Kamata Ya Warke Ba

Duk Tudun Wada an san Bamanga Wanzami da abu guda: raunin da ya fito daga hannunsa ba ya daɗewa. In ya yi wa yaro kaciya, kafin uwar ta gama jimami yaron ya fita ƙwallo. In ya yi ƙaho, wurin tsagar sai ka nema da fitila. Yakan faɗa da bakinsa, yana wasa aska a tafin hannu, cewa yanka kowa ya iya, mahauci ma yana yi. Rufewa ita ce sana'a.

Najeeba, autarsa, da jin wannan magana ta girma. Ita kaɗai ta rage masa a gida tun bayan rasuwar Innarsu, yayyenta duk suna ɗakunan mazajensu. Da yamma takan soya awara a ƙofar gida, kuma ko ciniki kanta a ƙasa take yinsa. Maƙwabta sukan ce in Najeeba na magana sai ka matso ka kasa kunne, kamar mai neman inda sauro yake kuka.

Ciwon bai yi sallama ba. Ita ta fara lura Baba yana bugun kafaɗa da ƙofar zaure, yana tuntuɓe da buta alhali tana ajiye a inda ta saba. Ranar da abin ya fito fili, yana yi wa Friday aski ne a rumfarsa, wani mai Keke Napep ɗan unguwar Herwagana da ya daɗe yana kawo masa kansa. Askar ta kama saman kunne.

"Wayyo Allah! Baba, aski na ce, ban ce ka yi mini kaciyar kunne ba!"

'Yan rumfa suka fashe da dariya. Bamanga ya ɗebi garin bagaruwa daga zabira ya danna a wurin, jini ya tsaya nan take. Shi dai bai yi dariya ba. Da yamma ya ce wa Najeeba, a hankali, bai ga kunnen ba. Ba wai hannunsa ne ya kuɓuce ba. Kunnen ne kawai babu shi a inda yake kallo.

Friday ɗin ne ya kai su asibiti washegari, da auduga a kunne, yana ta tsiya a hanya wai in an gyara idon sai an biya shi diyya.

A sashen ido suka haɗu da Sista Jacinta, wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba da ke iya faɗa da dariya a numfashi ɗaya. Ta rufe wa Bamanga idon dama da tafin hannunta, ta ɗaga yatsu.

"Baba, nawa ka gani?"

Ya yi ta ƙifta ido.

"Hannuna fa, kana ganinsa?"

"Kin kashe wuta ne?" in ji shi.

Idon hagu ya riga ya tafi, kuma ba wanda ya san yaushe. Na daman ya yi ta riƙe masa duniya shi kaɗai, shi ma an ci gefensa, abin da ya rage kamar mai leƙe ta bakin tulu.

Likitan, Dokta Kanayo, Ibo ne amma haihuwar Gombe, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ce sunan ciwon hawan jinin ido. Akwai ruwa a cikin ido da ke shigowa yana fita, ta Baba kwatar ce ta toshe. Ruwan ya taru yana danne jijiyar gani, tana mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Aka ba su maganin ɗigawa. Suka yi ta zuwa ana awo, ruwan ya ƙi sauka. Daga ƙarshe likitan ya ce sai an yi aiki, in ana so a tsira da ragowar.

"Zan buɗe 'yar ƙofa a saman idon, ƙarƙashin fata, ruwan ya riƙa tsiyaya ta nan," ya ce. "Yankan ba shi ne wuya ba. Jikin ɗan Adam ba ya son ƙofa a buɗe, zai yi sauri ya liƙe ta da tabo. Balle mu baƙar fata, namanmu akwai saurin haɗewa. Saboda haka lokacin aikin zan sa wani magani a wurin, mai hana nama haɗewa. Bayan nan akwai na ɗigawa, in ta kama kuma a yi allura."

Bamanga ya gyara zama. "Maganin hana rauni warkewa?"

"Wannan raunin, Baba, ranar da ya warke mun faɗi. Mene ne sana'arka?"

"Wanzami ne ni."

Sista Jacinta ta tafa hannu. "To Dokta, yau ka gamu da gamonka. Kai kana buɗewa, shi yana rufewa. Baba, wannan karon ka ajiye zabira a gida ka zama marar lafiya kamar kowa."

Bamanga ya yi 'yar dariya, ya ce to, Allah ya sa a dace.

Aka yi aiki lafiya. Da aka cire bandeji, Sista Jacinta ta kira Najeeba ta tsaya kusa. Ta ce Baba ya kalli ƙasa, ta ɗaga fatar idon da babban yatsa. A can sama, kan farin idon, akwai wani ɗan bororo fari-fari, a kumbure kaɗan, kamar inda mai zafi ya fallatsa wa mutum.

"Kin gan shi? Kar ki ji tsoro, shi muke so. Nan ruwan ke taruwa kafin jiki ya shanye. Muddin yana nan a tashe, idon Babanki yana numfashi. Ranar da kika ga ya fara lafawa, jajayen jijiyoyi suna rarrafowa kansa, ko tuwo ne a bakinki ki tofar ki kawo shi. Ki riƙa ɗiga maganin nan yadda na nuna miki. Ban da shi ba abin da zai shiga idon nan. Kwalli, zuma, ruwan tofi, ko ɗaya. Kin ji ni ko kina kallon takalmina?"

"Na ji," in ji Najeeba.

Ta riƙe abin da hannu biyu. Kowace safiya sai ta wanke hannu da sabulu ta ɗaga fatar idon ta duba. Awo ya yi kyau, likita ya ji daɗi. Bamanga ne bai ji daɗi ba. Ko da yake an faɗa masa gani ba zai ƙaru ba, a ransa ya sa rai. Ga shi an yanka, an ɗinke, duniyar tana nan yadda take, 'yar mitsitsiya, har da hazo a kai.

Da suka koma wani awon, likitan ya daɗe yana dubawa, ya ce jijiyoyi sun fara matsowa, naman Baba yana son ya nuna hali. Aka yi masa allurar maganin hana tabo a gefen bororon. Aka ce za a riƙa yi sati-sati har wurin ya natsu. A daren farko da kwanakin da suka biyo idon ya yi ja, yana zubar da hawaye, Bamanga yana cewa kamar an zuba masa yashi. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaga jikin mutane, sai ga shi yana riƙe da gefen katifa.

Ana cikin haka Baffa Mu'az ya zo dubiya.

Shi ne wan Bamanga, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a ƙauyensu can wajen Dukku. Shi ya koya wa Bamanga riƙon aska bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, shi ya yi wa Najeeba askin suna. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya domin bai taɓa buƙatar haka ba. Ya sauka da zabirarsa a kafaɗa, da kaji biyu a ɗaure, da kwalbar zuma.

Bayan gaisuwa ya ce a fito da ƙanin nasa tsakar gida inda akwai haske. Ya wanke hannu, ya ɗaga fatar idon da irin tausasawar da Najeeba ba ta gani ba ko a asibiti. Ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe aka yi aikin?"

"An kwana biyu, Hamma," in ji Bamanga, yadda ya saba kiran wan nasa.

"An kwana biyu, rauni yana ɗauke da ruwa har yanzu?" Ya juya. "Auta, kawo maganin da kike sa masa."

Ta kawo 'yar kwalbar, ta durƙusa ta miƙa.

"Na mene ne?"

Da ta san abin da zai biyo baya da ta ce na raɗaɗi ne. Amma ba ta taɓa yi wa Baffa ƙarya ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba. Ta ce, kanta a ƙasa, "Na hana wurin warkewa ne. Da allurar ma."

"Na me?"

"Sun ce... kar ya haɗe. In ya haɗe ruwan ba zai fita ba."

Baffa Mu'az ya dubi kwalbar, ya dubi ƙaninsa. "Bamanga. A gidanmu? Kai da hannunka ka rufe raunin mutum nawa a garin nan? Ka zauna yara suna ɗura maka abin da zai mayar da idonka gyambo?"

"Hamma, likitan ya yi bayani. Wai kamar kwata ce."

"Ido ne ko bayan gida? Rauni in ya riƙe ruwa, me ke biyo baya?"

Bamanga ya ce, "Mugunya."

"To."

Ya sa kwalbar a aljihun rigarsa. Ya aiki Najeeba ta hura wuta, ya fito da bagaruwa daga zabira, ya dafa, ya tace da farin ƙyalle har sau uku, ya bari ta huce. Da gashin kaza mai tsabta ya riƙa ɗiga ruwan a idon yana bismilla. Ya sa aka yanka kaza ɗaya aka yi farfesu, domin rauni ba ya rufewa a kan yunwa. Da yamma ya ɗiga zuma.

Najeeba tana ta juya awara a mai. Maganar Sista Jacinta tana yi mata amsa-kuwwa a kunne. Bayan magariba, da Baffa ya tafi masallaci, ta shiga ɗakin mahaifinta. Akwai wata kwalbar da ba a buɗe ba, ta ɓoye ta a cikin kwanon samira.

"Baba, bari in ɗiga maka kafin ya dawo."

"A'a."

"Baba, Sista ta ce..."

"Na ji abin da ta ce, ai ina wurin." Ya yi ajiyar zuciya. "In sha magani a ɓoye kamar ɓarawo, yayana yana gidana? Mutumin da ya baro gonarsa saboda ni? Ki yi haƙuri ya tafi, sai mu ci gaba da namu."

Ta koma da kwalbar. A ranta ta ce kwana biyu ne, ba za su kashe ido ba.

Sai dai ta manta da abin da ta sani tun tana ƙarama. A gidansu wanzami ba ya barin wanda yake jinya sai rauni ya bushe. Ta sha ganin Baba ya ƙi zuwa biki a wani gari saboda yaro ɗaya da bai gama warkewa ba. Baffa Mu'az ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure, ya rataye zabira a ƙusa, ya aika gida a kula masa da gona. Da wani maƙwabci ya tambaye shi yaushe zai koma, ya ce ranar da idon ƙaninsa ya rufe.

Najeeba tana bayan ƙyaure ta ji shi. Nan ta gane cewa ranar da Baba yake jira ita ce ranar da likita ya ce sun faɗi.

Abin da ya ƙara ɗaure mata hannu shi ne Baba ya samu sauƙi. Da aka daina allura yashin ya tafi, hawaye ya tsaya, ya fara barci. Masu dubiya suna shigowa suna cewa kai, hannun manya daban ne. Ranar allura ta zo ta wuce. Bamanga bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Da safe in Baffa ya ɗaga fatar idon takan leƙa ta bayan kafaɗarsa. Bororon yana nan, amma ya rage tashi, kuma jajayen zare sun kewaye shi kamar saiwar ciyawa.

Ranar allura ta biyu ta ce za ta kasuwa sayen waken suya, ta wuce asibiti. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin Sista Jacinta ta hango ta.

"Ke 'yar wanzami! Ina Baban? Kun gudu ne?"

Najeeba ta faɗa mata, guntu-guntu. Fuskar Sista Jacinta ta canja.

"Bagaruwa? A idon da aka yi wa aiki? Yesu mai ceto. Ke kuma kina tsaye kina kallo?"

"Baffana ne."

"Ko kakanki ne. Idon Baffan ne ko na Babanki? Saurara. Ki kawo shi yau, ko a goye ne. In wurin bai gama liƙewa ba Dokta zai iya buɗe shi da allura ya sa magani. In ya liƙe kuwa, to." Ba ta ƙarasa ba. Ta kama haɓar Najeeba ta ɗago fuskarta. "Kunya tana da rana, 'yata. Ba yau ba ce."

A hanya ta biya tashar su Friday. Ya ajiye fasinjan da zai ɗauka ya taho da ita, ya tsayar da keken a ƙofar gida. Baffa Mu'az yana zaure yana wasa aska, Bamanga yana gefensa a jingine da bango.

"Baba babba, barka da hutawa," in ji Friday. "Na zo aron ƙaninka ne, mu je likita ya ga irin aikin da ka yi, ko ya ɗauke ka aiki."

"Kai ne mai kunnen?"

"Ni ne. Ka ga har ya warke, sai dai yanzu in matata na faɗa ta can nake juya mata."

Baffa ya murmusa. "Ka ga ya warke. Da me aka sa?"

Friday ya sosa ƙeya. "Da garin nan naku."

"To ka je ka nemi abincinka, ɗana. In na gama zan ba ka shi ka kai musu su gani."

Friday ya dubi Najeeba. Ta durƙusa a bakin zauren, ta buɗe baki, muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

"Baffa, don Allah don Annabi. Ba irin raunin da kuka sani ba ne. In ya rufe Baba zai makance. Ido ɗaya ne ya rage masa. Likita ya faɗa, ni na ji da kunnena. Ka bar shi ya je yau, in ya so gobe ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Har wata mata da ta zo wucewa ta rage tafiya.

Baffa Mu'az bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ta fi sanin yadda za ta yi. Ya ajiye askar, ya dube ta da tausayi.

"Auta, kina son ubanki, Allah ya yi miki albarka. Ni ma ban tsince shi a hanya ba. A bayana ya yi wayo. Kina ganin zan sa masa abin da zai cuce shi? Kin ga yadda na same shi, ido jawur, ba ya barci. Dube shi yanzu." Ya juya. "Bamanga, ga ka nan, ba yaro ba ne kai. In kana so ka je su sake soka maka allura, ga keke. Ni sai in ɗauki zabirata, in san hannuna ya tsufa."

Najeeba ta zuba wa mahaifinta ido. Ya kai hannu ya shafa gefen idon, ya sauke. Ya juyar da kai gaba ɗaya kafin ya same ta a cikin ɗan abin da yake gani.

"Friday," ya ce, "ka tafi. Na gode."

Ta yi ta zama a durƙushe har ƙarar keken ta ɓace.

Bayan nan ba ta sake magana ba. Ta dafa abin da aka ce ta dafa, ta hura wutar bagaruwa da hannunta. Wata safiya Baffa ya kira ta da murya mai daɗi.

"Auta, zo ki gani."

Ya ɗaga fatar idon. Babu bororo. Wurin ya kwanta sumul, ja-ja, da kauri kamar fatar da aka jeme.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Kamar ba a taɓa yanka ba."

Aka yanka kaza ta biyu. Maƙwabta suka raka Baffa har bakin titi, Bamanga ya riƙe masa zabira har ya shiga mota. Motar na tashi Bamanga ya ce wa Najeeba, ba tare da ya dube ta ba, "Kira yaron nan mai keke."

Dokta Kanayo bai yi faɗa ba. Ya auna idon, ya sake aunawa, ya jingina da kujera ya cire tabarau yana murza goshi. Ruwan ya hau fiye da yadda yake kafin aiki. Sista Jacinta tana tsaye a gefe, ranar ko wasa ɗaya ba ta yi ba.

"Amma ba ya ciwo," in ji Bamanga. "Ko kaɗan ba ya ciwo."

"Haka ciwon yake, Baba. Shi ya sa na hagun ya tafi ba ka sani ba."

Ya gwada abin da zai iya. Ya sa maganin kashe zafi a wurin, ya sa siririyar allura yana tsinka tabon ta ƙarƙashi, ya zuba maganin hana haɗewa. Ɗan bororo ya taso, ƙarami, Najeeba ta gan shi ta ji numfashinta ya dawo. Ta koma ɗiga magani ba dare ba rana, Bamanga yana buɗe ido da kansa tun kafin ta ce. Bai daɗe ba ya sake lafawa. Aka sake yi, ya sake liƙewa, wannan karon ma ya fi sauri. Likitan ya ce naman ya riga ya koyi hanya. Akwai wani aikin da ake sa ɗan bututu, za a rubuta su a layi, amma gaskiya abin da ya rage na jijiyar bai fi zare ba, kuma bai san ko zai jira su ba.

Bai jira ba. Bakin tulun ya yi ta tsukewa. Da farko Bamanga yana ganin fuskar Najeeba in ta tsaya daidai gabansa, daga baya sai ido ɗaya da gefen hanci, daga baya sai ya ce ta yi magana ya san inda take. Ya daina fita rumfa. Yana iya bambance rana da inuwa, shi ke nan. Masu zuwa neman wanzami sukan tsaya a ƙofa su yi sallama, Najeeba ta fito ta ce ba ya jin daɗi, su yi addu'a su wuce.

Ya hana ta faɗa wa Baffa. In ya bugo waya Bamanga yakan ce da sauƙi, ya tambayi gona da shanu, su yi sallama.

Wata ranar da hantsi, tana tsakar gida tana tace ƙullun awara, wayar ta yi ƙara. Ta share hannu ta danna ta sa wa Bamanga a kunne. Wayar mai amo ce, tana jin muryar Baffa sarai, cike da fara'a.

Ya ce labari ya bazu a ƙauye. Akwai wani manomi a unguwar gabas, shi ma an yi masa irin aikin nan a birni, shi ma an bar masa ruwa a ido. 'Ya'yansa sun ji yadda ta Bamanga ta kasance, sun kawo shi. Ga shi nan a zaure, har an ɗora tukunya.

"Na ce musu ƙanina ma haka na same shi," in ji Baffa. "Na ce bari in kira shi ku ji daga bakinsa."

Najeeba ta ga hannun Bamanga yana lalube a kan tabarma, kamar mai neman abin da zai dafa.

"Bamanga? Kana jina?"

Leɓunansa suka motsa. Ya yi gyaran murya, ya sake buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai ya ture wayar daga kunnensa zuwa inda yake tsammanin take.

"Ki faɗa masa," ya ce.

Ta karɓa da hannun da ke jiƙe da ƙullu.

"Baffa, ni ce. Kar ka sa wa mutumin nan komai. Ku mayar da shi asibiti yau." Ta haɗiye yawu. "Baba ba ya gani. Tun da wurin ya rufe. Yanzu ko fuskata ba ya gani."

Daga can ta ji kukan akuya, da muryar wani yana tambaya ko a sauke tukunyar. Baffa bai ce komai ba. Ta jira. Tana jin numfashinsa, a hankali, sannan ta ji wayar ta mutu. Ba ta san ko shi ya kashe ba ko hanya ce ta yanke.

"Me ya ce?" in ji Bamanga.

"Bai ce komai ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Can ya ce rana ta iso shi, ta matsar da shi. Ta kama hannunsa ta tashe shi, ta ja tabarmar zuwa gindin katanga, ta zaunar da shi. Sannan ta koma kan ƙullun, domin in ya daɗe a ajiye tsami yake yi.